Me ya sa gajimaren Orion yake da ja, na Kaza da 'Ya'yanta kuma yake da shuɗi?

Sadiya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masu ilimin taurari da ke wannan zaure, kuma ina fatan za a yi haƙuri da tsawonta. A watan Janairun da ya wuce na sami aron ƙaramar na'urar hangen nesa mai madubi na santimita 13, na kwashe darare da dama ina duba wurare biyu da na daɗe ina ganin hotunansu. Na farko shi ne gajimaren da ke cikin takobin burujin Orion, wanda ake kira M42. Na biyu shi ne gungun taurarin da muke kira Kaza da 'Ya'yanta, ko Surayya, wanda lambarsa M45 ce.

A hoto, gajimaren Orion ja ne mai sirkin ruwan hoda, ita kuwa Kaza da 'Ya'yanta tana lulluɓe da wani hazo shuɗi mai kama da zaren auduga. Da na sa ido a na'urar, abin da na gani ya bambanta. Gajimaren Orion ya fito fari-fari mai ɗan alamar kore, da taurari huɗu a cure a tsakiyarsa, ban ga ja ko kaɗan ba. A Kaza da 'Ya'yanta kuma ban ga hazo ba sam, sai taurari kawai. Bayan haka na juya zuwa tagwayen gungun da ke burujin Perseus, na ga taurari birjik amma babu gajimare a kusa da su.

Daga ina hasken waɗannan gizagizai yake fitowa, iskar gas ɗin ce take ci da wuta? Me ya sa ɗaya ja ne ɗaya shuɗi, kuma launin hoton na gaskiya ne ko ƙari aka yi masa? Sannan idan a cikin gajimare ake haihuwar taurari kamar yadda na karanta, ina gajimaren tagwayen gungun Perseus ya tafi?

Malam Bashir ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama Sadiya. Abin da idonki ya gani daidai ne, kuma taurari huɗun nan da kika lura da su a tsakiyar gajimaren su ne mabuɗin amsar tambayarki ta farko.

Gas ɗin ba ya ci da wuta. Wuta tana buƙatar abin ƙonawa ya haɗu da oksijin mai yawa, alhali wannan gajimare kusan duk haidurojin ne da hiliyam, kuma ya yi siriri ƙwarai. A wurin da ya fi kauri, kusa da taurari huɗun, ƙwayoyin zarra da ke cikin ɗan akwati mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi ba su wuce dubbai ba, alhali iskar da muke shaƙa tana da kimanin biliyan 25 sau biliyan a daidai wannan girman. Abin da ya sa muke ganinsa shi ne faɗinsa, domin ya kai kusan shekarun haske 24 daga gefe zuwa gefe, kuma shekarar haske ɗaya nisan kusan kilomita tiriliyan 9.5 ce. Idan ido ya ratsa siririn gas mai wannan zurfin, ɗan hasken kowane sashe yana taruwa har ya bayyana.

Taurari huɗun ana kiran su Trapezium, saboda siffar da suka yi. Galileo ya ga uku daga cikinsu a 1617, bayan Nicolas-Claude Fabri de Peiresc na Faransa ya lura da gajimaren kansa a 1610. Mafi girmansu, wanda ake kira Theta-1 Orionis C, nauyinsa ya haura na Rana sau 30, zafin fuskarsa ya kai kusan digiri 39,000 a ma'aunin Kelvin, wato ma'aunin zafi da ke fara ƙirga daga sanyi mafi tsanani da zai yiwu, ita kuwa Rana kusan 5,800 take da shi. Tauraro mai irin wannan zafin ba ya fitar da yawancin ƙarfinsa a hasken da ido ke gani. Yana fitar da shi ne a hasken altrabayolet, kuma duk hasken da tsawon zangonsa ya gaza nanomita 91.2 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) yana da ƙarfin da zai fizge ilektiron daga ƙwayar haidurojin, wadda dama furoton ɗaya ce a tsakiya da ilektiron ɗaya a kewaye da shi. Saboda haka gas ɗin da ke kewaye da tauraron ya zama tarin furoton da ilektiron masu yawo daban-daban, zafinsa kuma ya tashi zuwa wajen digiri 10,000, alhali kafin a haifi tauraron bai wuce digiri 10 zuwa 20 a ma'aunin Kelvin ba.

Lokaci zuwa lokaci furoton yana sake kama ilektiron. Ilektiron ɗin ba ya faɗawa mataki na ƙasa kai tsaye, yana saukowa ne hawa-hawa kamar mai sauka daga tsani, kuma a kowane hawa yana sakin haske mai launi ɗaya tak wanda ba ya canzawa. Saukowa daga mataki na uku zuwa na biyu tana ba da jan haske mai zango nanomita 656.3, kuma wannan shi ne jan da kike gani a hoto. Ba a daɗewa wani hasken altrabayolet zai zo ya sake fizge ilektiron ɗin, a sake zagayowa. Ke nan gajimaren yana karɓar hasken da ba ma gani daga tauraro, yana mayar da wani kaso nasa zuwa hasken da muke gani. Bengt Strömgren na Denmak ya yi lissafi a 1939 wanda ya nuna cewa kowane tauraro mai zafi yana da iyakar gas ɗin da zai iya riƙewa a wannan hali, domin a wani nisa adadin ilektiron da ke komawa mazauninsu yana cinye duk hasken da tauraron ke aikowa. Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan al'amari shi ne, gungun Orion yana da taurari fiye da 2,000, amma mafi yawan hasken gajimaren aikin tauraro ɗaya ne.

Kaza da 'Ya'yanta kuwa manyan taurarinta, irin su Alcyone da Merope, zafinsu yana tsakanin digiri 12,000 da 14,000 ko kusa da haka. Sun fi Rana zafi nesa ba kusa ba, amma ba su kai su fizge ilektiron daga haidurojin da yawa ba. Abin da suke haskawa shi ne ƙura, wato ƙananan ƙwayoyin kabon da na ma'adanin dutse waɗanda girmansu ya yi daidai da na ƙwayoyin hayaƙi. Ƙurar ba ta da hasken kanta, hasken taurarin take warwatsawa, kuma ƙwayoyi ƙanana irin waɗannan sun fi warwatsa shuɗi a kan ja. Taurarin kansu dama farare ne masu shuɗi-shuɗi, sai launin ya ƙara fitowa. Edwin Hubble ya nuna a 1922 cewa zafin tauraron da ke kusa shi ke yanke hukunci: idan ya kai wani mataki gajimaren zai fitar da hasken kansa, idan bai kai ba sai dai ya mayar da na tauraron. Yadda aka koya mana, ƙurar Kaza da 'Ya'yanta ragowar gajimaren da aka haife su a ciki ce.

Rabi'u ya amsa:

Malam Bashir ya yi bayanin da ya gamsar. Ni zan ɗan tsaya a kan batun launi, domin na kwashe shekaru ina ɗaukar hotunan waɗannan gizagizai, kuma tambayar ko launin na gaskiya ne tana da amsa biyu.

Jan da ke hoton M42 na gaskiya ne. Matsalar daga idon ɗan Adam take. A cikin duhu, ƙwayoyin ido masu bambance launi ba sa aiki sosai, sai ɗaya rukunin masu ganin haske kaɗan su karɓi aikin. Waɗannan sun fi jin haske mai zango kusa da nanomita 500, wato tsakanin shuɗi da kore, kuma kusan ba sa jin jan da ya kai 656. Kyamara ba ta da wannan rauni, kuma tana iya tara haske na mintuna ko awanni, abin da ido ba ya iyawa. Henry Draper ne ya fara ɗaukar hoton wannan gajimare a 1880, a Amurka, kuma tun daga lokacin hoto ya riƙa nuna abin da ido bai taɓa gani ba.

Koren da kika hango, 'yar'uwa, shi ma na gaskiya ne, kuma yana da tarihi. A 1864 William Huggins na Ingila ya ratsa hasken wani gajimare da ke burujin Draco ta gilashi mai tsaga haske. Maimakon cikakken bakan launuka irin na tauraro, sai ya ga 'yan layuka masu haske kawai, wanda ya tabbatar da cewa gas ne mai haskawa. Mafi ƙarfin layukan kore ne, kuma bai dace da kowane sinadari da aka sani a ɗakin gwaji ba, har aka yi zaton wani sabon sinadari ne aka sa masa suna nebuliyam. An shafe fiye da shekara 60 a haka, sai a 1927 Ira Bowen ya nuna cewa oksijin ne da ya rasa ilektiron biyu, yana ba da haske a nanomita 500.7 da 495.9. Dalilin da ya sa ba a ganinsa a ɗakin gwaji shi ne, ƙwayar oksijin ɗin tana buƙatar a bar ta kusan rabin minti ba tare da wata ta buge ta ba kafin ta saki wannan hasken, kuma ko a cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska ƙwayoyin sun yi yawan da ba za su ba ta wannan sarari ba. A gajimaren sama tana samunsa. Wannan koren ya faɗo daidai inda idon mutum ya fi ji a duhu, shi ya sa kika gan shi kika rasa jan.

Amsa ta biyu ta shafi hotunan manyan na'urori. Sanannen hoton ginshiƙan gas da ke gajimaren Mikiya, wato M16, wanda Jeff Hester da Paul Scowen suka ɗauka da na'urar Hubble a 1995, ba launin da ido zai gani ba ne. An ɗauki haske ta matatai uku, aka ba hasken sulfa ja, na haidurojin kore, na oksijin shuɗi. A zahiri hasken sulfa da na haidurojin duka ja ne, kuma da an bar su haka da ba za a iya raba su ba. Hotunan na'urar James Webb kuma, wadda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, yawancinsu na hasken infrared ne da ido ba ya gani kwata-kwata, dole a ba su launi kafin a nuna. A ganina babu yaudara a cikin wannan muddin an faɗi abin da kowane launi yake wakilta, kuma ya kamata mai kallo ya riƙa neman wannan bayanin a ƙarƙashin hoton.

Hazon Kaza da 'Ya'yanta yana da wuyar gani da ido. Yana buƙatar dare marar wata, wuri mai nisa da fitilu, da gilashi mai tsabta, domin ɗan raɓa a kan gilashin yakan yi wa kowane tauraro mai haske irin wannan zobe. Hanyar tantancewa ita ce a duba kudu da Merope, inda hazon ya fi kauri kuma ya karkata gefe ɗaya, sannan a kwatanta da wani tauraro mai haske a wajen gungun.

Malama Hadiza ta amsa:

Malam Bashir, Allah ya ƙara ilimi. Ina da gyara a jimlarka ta ƙarshe kawai, kuma na tabbata tsofaffin littattafai ne suka faɗi haka. Ƙurar da ke kewaye da Kaza da 'Ya'yanta ba ragowar mahaifarsu ba ce. Shekarun gungun sun haura miliyan 100, alhali gajimaren haihuwa ba ya jure zama kusa da manyan taurari ko da kashi ɗaya cikin goma na wannan lokacin. Ban da haka, da aka auna tafiyar ƙurar da ta taurarin, sai aka ga kowanne da inda ya nufa da saurinsa. Gungun yana ratsawa ne ta cikin wani gajimare da bai da alaƙa da shi, kuma bayan wani zamani zai fita ya bar shi a duhu kamar yadda ya same shi. Wilhelm Tempel ne ya gano hazon Merope a 1859, sannan Vesto Slipher ya nuna a 1912 cewa bakan haskensa daidai yake da na taurarin, wanda ya tabbatar da cewa mayar da haske kawai yake yi.

Na dage a kan wannan ne saboda yana amsa tambayar Malama Sadiya ta uku. Idan aka ɗauka cewa Kaza da 'Ya'yanta ta riƙe gajimarenta shekara miliyan 100, to babu yadda za a fahimci dalilin da ya sa tagwayen gungun Perseus, masu shekaru wajen miliyan 13 zuwa 14 kacal, suka rasa nasu. Amma idan aka cire ta daga jerin, sai komai ya daidaita: gungun Orion mai shekaru miliyan 1 zuwa 2 yana cikin gajimarensa, na Perseus ya riga ya share nasa.

Akwai wani misali na irin wannan haɗuwa a hanya wanda nake so ƙwarai. Tauraron AE Aurigae yana haska gajimaren IC 405 da ke burujin Auriga, kuma duk wanda ya ga hoton zai ce a nan aka haife shi. A 1954 Adriaan Blaauw da William Morgan suka lura cewa shi da wani tauraro mai suna Mu Columbae suna gudu da kusan kilomita 100 a daƙiƙa, ɗaya ya nufi arewa ɗaya kudu, kuma idan aka bi sawunsu baya suna haɗuwa a yankin takobin Orion kimanin shekara miliyan 2.5 da suka wuce. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne, tagwayen taurari biyu ne suka kusanci juna fiye da kima a cikin cunkoson gungu, ƙarfin janyowarsu ya cilla biyu waje. Saboda haka ganin tauraro a cikin gajimare bai isa hujjar cewa ɗansa ne ba, sai an auna shekarunsa da tafiyarsa.

Sadiya ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Yanzu na fahimci batun launi. Abin da ya rage mini shi ne yadda gajimaren ke ɓacewa. Abu mai faɗin shekarun haske 24, ta yaya 'yan taurari za su share shi cikin shekaru miliyan kaɗan? Kuma idan gas ɗin ya tafi, me ke samun gungun kansa? Ita ma Rana a irin wannan wuri aka haife ta?

Malam Bashir ya sake amsawa:

Malama Hadiza, na karɓi gyara, kuma na gode. Hujjar shekarun kaɗai ta isa ta rushe abin da na faɗa.

Malama Sadiya, hasken da ke sa gajimaren ya yi kyau shi ne yake cinye shi. Na ce gas ɗin yana tashi daga digiri 10 ko 20 zuwa wajen 10,000. Gas ɗin da ya yi irin wannan zafi a tsakiyar mai sanyi ba zai zauna ba, matsinsa ya ninka na maƙwabcinsa sau ɗaruruwa, sai ya buɗe da saurin kusan kilomita 10 a daƙiƙa. Wannan saurin kamar ba shi da yawa, amma idan kika yi lissafi za ki ga cewa a shekara miliyan ɗaya yana cin nisan shekarun haske kusan 33, wanda ya fi faɗin M42 gaba ɗaya. A kan wannan kuma akwai iskar da manyan taurari ke fesowa daga jikinsu da saurin da ya haura kilomita 1,000 a daƙiƙa, da kuma turin da hasken kansa yake yi wa ƙura. Daga ƙarshe, bayan shekaru miliyan 3 zuwa sama, mafi girmansu suna fara fashewa ɗaya bayan ɗaya, su kore abin da ya saura.

Ana iya ganin matakan wannan aiki a sama, kowanne a wuri daban. M42, mai nisan kusan shekarun haske 1,350, kamar ƙurji ne da ya fashe a jikin wani babban gajimare mai duhu da sanyi wanda ke bayansa. Taurarin Trapezium sun rarake rami a fuskar da ke kallonmu, abin da muke gani yana haske shi ne bangon ramin da gas ɗin da ke kwararowa daga gare shi. A bayan bangon har yanzu ana haihuwar taurari, kuma a 1967 Eric Becklin da Gerry Neugebauer suka gano ɗaya daga cikinsu ta hasken infrared, domin ƙura ta ɓoye shi daga hasken da ido ke gani. Gajimaren Rosette da ke burujin Monoceros, mai nisan kusan shekarun haske 5,000, ya wuce wannan matakin. Gungun NGC 2244 da ke tsakiyarsa ya riga ya share kewayensa, ya bar gas ɗin a matsayin zobe mai faɗin kusan shekarun haske 130. Ginshiƙan M16 da Malam Rabi'u ya ambata kuma su ne wuraren da gas ya fi kauri, hasken gungun NGC 6611 ya cinye abin da ke gefensu ya bar su a tsaye, kamar yadda ruwan sama ke zaizaye ƙasa ya bar tudun da dutse ya rufe kansa. Shi ya sa kawunansu duka suke fuskantar manyan taurarin gungun.

Ƙananan taurari ma suna shan wannan zafin. A farkon shekarun 1990 Robert O'Dell ya yi amfani da na'urar Hubble ya ga ƙananan taurari da dama a M42 kowanne da faifan gas da ƙura a kewaye da shi, irin faifan da duniyoyi ke fitowa daga ciki, kuma zuwa yanzu an ƙirga fiye da 100. Waɗanda ke kusa da Theta-1 Orionis C suna da siffar ɗigon ruwa, kan yana kallon babban tauraron, wutsiyar tana bayansa, domin haskensa yana ƙafar da faifan. Ko za su samar da duniyoyi ya danganta da wanda ya riga wani tsakanin dunƙulewar ƙurar da ƙafewar faifan.

Game da gungun kansa, a nan ne labarin ya fi nauyi a wurina. Kaso kaɗan ne na gas ɗin yake zama taurari, a wuraren da suka fi kauri ma bai cika wuce kashi 10 zuwa 30 cikin 100 ba. Sauran gas ɗin shi ne mafi yawan nauyin da ke riƙe taurarin wuri ɗaya. Idan aka kore shi cikin gaggawa, taurarin suna nan da saurinsu na da, amma abin da ke janyo su ya ragu, sai su kama hanya kowa ya yi nasa wuri. Viktor Ambartsumian na Armeniya ya lura tun 1947 cewa akwai tarin manyan taurari masu zafi da ba su cure da juna yadda za su dawwama tare ba, ya kafa hujja da hakan cewa sababbi ne kuma har yanzu ana haihuwar taurari a galaksinmu, wato babban tarin taurarin da Rana take ciki. Charles Lada da Elizabeth Lada kuma sun kwatanta yawan gungun da ke cikin gajimare da yawan waɗanda suka girma, suka ƙiyasta a 2003 cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 ne ke kaiwa shekarun Kaza da 'Ya'yanta a haɗe. Ita da tagwayen Perseus suna cikin 'yan kaɗan da suka tsira.

Malama Hadiza ta ƙara da cewa:

Zan ɗauki batun Rana, tunda Malam bai kai gare shi ba. Yawancin taurari a cikin taro ake haihuwarsu, kuma akwai shaida a hannunmu da ke nuna Rana ma haka ne. Dutsen sama da ya faɗo a Allende ta ƙasar Meziko a 1969 yana ɗauke da wasu fararen ƙwayoyi waɗanda suna cikin abubuwa mafi tsufa da suka daskare a tsarin Rana, shekarunsu kusan biliyan 4.57. A 1976 Typhoon Lee da Dimitri Papanastassiou da Gerald Wasserburg suka sami rarar magniziyam-26 a cikinsu, wato wani nau'in sinadarin magniziyam, wanda shi ne abin da alminiyam-26, wani nau'in alminiyam marar dawwama, ke rikiɗa ya zama. Rabin alminiyam-26 yana lalacewa cikin kusan shekara 717,000, saboda haka ba zai yiwu ya daɗe yana yawo ba kafin ya shiga faifan Rana. Manyan taurari ne ke ƙera shi su watsa ta iskarsu ko ta fashewarsu, kuma wannan ne ya sa masana da yawa suke ganin an haifi Rana kusa da aƙalla ɗaya daga cikinsu. 'Yan'uwanta sun watse tuntuni, domin tun lokacin ta zagaya tsakiyar galaksi kusan sau 20, kowane zagaye shekara miliyan 230 ko kusa da haka.

M42 kuma, duk da kyansa, ƙarami ne a cikin irinsa. Gajimaren Carina, mai nisan kusan shekarun haske 7,500, yana da gungun Trumpler 14 da Trumpler 16 masu ɗauke da manyan taurari masu zafi da dama, ciki har da Eta Carinae wanda a 1843 ya yi haske har ya zama na biyu a sama bayan Sirius. Gajimaren Tarantula da ke Babban Gajimaren Magellan, wato wani ƙaramin galaksi mai maƙwabtaka da namu, a nisan kusan shekarun haske 160,000, ya fi su duka, kuma a tsakiyarsa akwai gungun R136 wanda babban tauraronsa ya kai kusan ninki 200 na nauyin Rana. Waɗannan biyun suna can ƙuryar kudancin sama, ganinsu ya danganta da inda mutum yake a doron ƙasa.

Malama Sadiya, da na'urarki ta santimita 13 za ki iya bin wannan jeri da idonki. A daren da iska ta kwanta, ki ƙara girman gani a kan Trapezium, wataƙila ki raba tauraro na biyar da na shida da ke maƙale da huɗun. Daga nan ki matsa gabas da Betelgeuse, jan tauraron nan mai haske na burujin Orion, ki nemi NGC 2244, wanda taurarinsa ke fitowa ko a madubin hannu mai ido biyu, zoben gas ɗin kuwa sai da matatar haske ta oksijin da sama mai duhu. Idan watannin Yuli da Agusta suka zo, ki duba gajimaren M8 a burujin Sagittarius, da gajimaren M20 da ke arewa da shi kaɗan. M20 ya haɗa abubuwan da kika tambaya a wuri ɗaya: sashen kudu gas ne mai fitar da jan haske, sashen arewa ƙura ce mai mayar da shuɗi, sannan layukan ƙura masu duhu sun tsaga jan sashen gida uku, kuma waɗannan layukan za ki iya ganinsu da na'urarki ko da launin bai fito ba.